Yadda Ake Auna Zafi Yayin Narkewa, Tafasa da Daskarewa a Darasin Kimiyyar Sinadarai

Kowace shekara, idan manhaja ta kawo mu kan sauyawar abu daga daskararre zuwa ruwa, daga ruwa kuma zuwa tururi, akwai maganar da na saba ji daga bakin ɗaliban ajin SS1 a nan Jos. Yaro zai zura wa ma'aunin zafi ido har tsawon minti uku ko huɗu, wuta tana ci a ƙarƙashin bika, wato kofin gilashi na ɗakin gwaji, ƙanƙara tana narkewa a gabansa, amma jan layin da ke cikin ma'aunin ya ƙi gusawa daga sifiri, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ma'auninmu ya lalace." Alhali ma'aunin lafiyarsa ƙalau, kuma wannan tsayawar da yake ƙorafi a kanta ita ce ainihin abin da aka shigo ɗakin gwaji domin a gani. Na rubuta wannan jagora ne saboda 'yan uwana malamai, musamman waɗanda makarantunsu ba su da yalwar kayan aiki, domin aikin yana yiwuwa da abubuwa kaɗan matuƙar an bi shi daki-daki, kuma an bar yara sun rubuta abin da idonsu ya gani.

Kayan da za a tanada

Kowane rukuni na ɗalibai huɗu yana buƙatar ma'aunin zafi na ɗakin gwaji wanda ya fara daga digiri 10 ƙasa da sifiri ya kai 110, da bika mai cin mililita 250, da murhun ƙarfe mai ƙafa uku tare da ragar waya, da sandar ƙarfe mai maƙalli wadda za ta riƙe ma'aunin, da sandar gilashi ta motsawa, da agogo mai nuna daƙiƙa, da takardar giraf. Idan babu murhun Bunsen, wato murhun gas na ɗakin gwaji, ƙaramin risho ko fitilar sifirit za su wadatar, har ma sun fi dacewa da kashin farko na aikin saboda wutarsu ba ta da ƙarfi. Agogon waya ya isa wajen ƙidayar lokaci.

Kada a yarda wani ya kawo ma'aunin asibiti, domin awonsa ya tsaya ne a wajen digiri 42, kuma na gilashi yana iya fashewa da zarar an tsoma shi a ruwan zafi. Ni na fi son ma'auni mai jan ruwa a ciki a kan mai zaiba, saboda yara sukan yar da kaya, kuma zaiba idan ta zube takan watse ƙanana-ƙanana ta shige tsagar daɓe, tururinta kuwa guba ne. Inda mai zaiba kaɗai ake da shi, malami ya riƙa raba shi da hannunsa yana karɓa da hannunsa.

Game da ƙanƙara, ruwan leda da aka daskarar ya fi sauƙin samu, kuma yana da tsabta gwargwado. Idan ba a da tabbacin wuta a makaranta, a sayo da sassafe wurin masu sayar da ƙanƙara, a ajiye a kula, a lulluɓe da buhu. Kafin a shiga aji a naɗe ta a tsumma mai tsabta a daddaka da taɓarya har ta zama kamar tsakuwa, domin manyan dunƙule ba sa lulluɓe ƙululun ƙasa na ma'aunin, wato inda jan ruwan yake taruwa, kuma wannan ƙululun shi ne kaɗai yake jin zafi.

Mataki na farko: a gwada ma'aunin kansa

Kafin a kunna wuta, kowane rukuni ya cika bika da dakakkiyar ƙanƙara, ya zuba ruwa kaɗan wanda zai cike gurabun da ke tsakanin ƙanƙarar kawai, ya motsa, ya tsoma ma'auni a tsakiya, ya jira minti biyu. Ma'auni mai gaskiya zai nuna sifiri. Wanda ya nuna digiri 1 sama ko ƙasa ba abin yarwa ba ne, sai dai a rubuta wannan bambancin a saman shafi, a riƙa cirewa ko ƙarawa a duk awon da zai biyo baya. A kuma duba ko jan layin ya tsinke ya bar gurbi a tsakiya, domin ma'auni mai tsinkakken layi ba zai taɓa ba da lissafi daidai ba.

Akwai dalilin da ya sa muke gwaji da ƙanƙara maimakon tafasasshen ruwa. Matakin narkewar ƙanƙara kusan bai damu da matsin iska ba, saboda haka sifiri ne a Legas, sifiri ne a Abuja, sifiri ne a kan tudun Jos. Tafasa kuwa ba haka take ba, kuma za mu zo kanta.

Mataki na biyu: narkar da ƙanƙara

A raba aiki tun kafin a fara: ɗaya ya riƙe agogo yana faɗin "yanzu" bayan kowane rabin minti, ɗaya ya karanta ma'auni, ɗaya ya motsa, ɗaya ya rubuta. Mai rubutu ya ja layuka uku a littafinsa, na lokaci, da na zafi, da na abin da ake gani a cikin bika. Wannan layi na uku malamai da yawa sukan manta da shi, alhali shi ne zai nuna daga baya cewa lokacin da zafi ya tsaya ya yi daidai da lokacin da ƙanƙara da ruwa suke tare.

A zuba ƙanƙara kimanin giram 100 a bika, a ɗora kan ragar waya, a maƙale ma'auni yadda ƙululunsa zai nutse a tsakiyar ƙanƙarar ba tare da ya taɓa gindin bika ko gefenta ba. Idan ya taɓa gindi, zafin gilashin da wuta ke lasa zai auna, kuma lissafin gaba ɗaya ya ɓaci. Kada a yi motsi da ma'aunin kansa, domin ta haka ne mafi yawansu suke karyewa. Kafin a kunna wuta, 'yan mata su tattare hijabinsu su cusa shi cikin rigar gwaji ko su ɗaure ta baya, samari su naɗe hannun riga, kowa ya tsaya a tsaye, wanda yake da tabarau na kariya ya sa.

A ɗauki awo na farko a lokacin sifiri, sannan a kunna wuta a rage ta sosai. Mai karanta ma'auni ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da ƙarshen jan layin, domin wanda ya leƙo daga sama ko daga ƙasa yana iya kuskuren digiri guda cur, kuma kada ya ciro ma'aunin daga bika don ya gani da kyau. Mai motsawa shi ne ginshiƙin wannan mataki. Idan ya yi sanyin hannu, ruwan da ya narke a ƙasa zai yi ɗumi yayin da ƙanƙara take yawo a sama, sai ma'auni ya fara hawa zuwa digiri 4 ko 5 tun ƙanƙara ba ta ƙare ba, yara kuma su rasa abin da aka zo nuna musu. Da ƙaramar wuta da motsi ba ƙaƙƙautawa, awon zai zauna tsakanin sifiri da digiri 1 ko 2 har sai ɗan guntun ƙarshe ya ɓace. Mai rubutu ya sa alama a daidai wannan lokacin. Daga nan za a ga jan layin ya kama hawa a kai a kai, kuma ana iya ƙara wuta, amma da zarar an ƙara a bar ta a haka har ƙarshe.

Mataki na uku: tafasa, da batun digiri 96

Tun ruwa bai yi nisa da zafi ba, ƙananan kumfa za su fara manne wa gefen bika, sai wani ya yi sauri ya ce ya tafasa. Wannan iskar da ta narke a cikin ruwan ce take fita, kuma ma'auni zai ci gaba da hawa. Tafasa ta gaskiya ita ce lokacin da manyan kumfa suke tasowa daga gindi su fashe a sama ba tsayawa. A jefa gutsuren fasasshen tangaran biyu ko uku tun ruwan yana sanyi domin tafasar ta zo a hankali ba tare da fantsama ba. Bayan an fara tafasa a ci gaba da awo na aƙalla minti biyar, kuma kada a bari ruwan ya ƙafe har ƙululun ma'auni ya fito fili.

A nan ne malamin Jos yake fuskantar abin da littafi bai shirya shi a kansa ba. Littafi ya ce ruwa yana tafasa a digiri 100, amma ma'auninmu zai tsaya a wajen 96, kuma ko an ƙara wuta har ta lashi gefen bika ba zai wuce nan ba. Wata shekara na bi ta bayan wani rukuni, na ga yarinyar da ke rubutu ta jera 96 sau shida a layi, sannan ta sa abin gogewa ta goge su duka tana mayar da su 100. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Malam, ai kada a ce mun faɗi." Tun daga ranar nake hana fensir a wannan darasi, da biro ake rubuta awo, kuma nake gaya musu tun farko cewa lambar da ma'auni ya nuna ita ce amsa.

Bayanin kuwa mai sauƙi ne idan aka bi shi a hankali. Ruwa yana tafasa ne a lokacin da ƙarfin tururin da ke son fita daga cikinsa ya yi daidai da nauyin iskar da ke danne shi daga sama. A bakin teku, kamar Legas, matsin iska yakan kai milimita 760 a ma'aunin matsin iska mai zaiba, kuma a wannan matsin ne ruwa mai tsabta yake tafasa a digiri 100. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskar da ke samanmu ba ta kai ta Legas yawa ba, matsinta yana wajen milimita 660, saboda haka ruwa yana samun damar tafasa tun bai kai 100 ba. A ƙiyasce, kowane hawan mita 300 yana rage kusan digiri 1. Malami a Abuja, wadda ke ƙasa da mu sosai, zai ga wajen 98 da rabi, wanda kuma ya hau da risho ƙololuwar duwatsun Shere, masu tsayin fiye da mita 1,800, zai ga wajen 94. Shi kansa Anders Celsius, masanin ƙasar Suwidin da ya fito da tushen wannan tsarin ƙidayar digiri a 1742, ya lura cewa matakin tafasar ruwa yana sauyawa da matsin iska, don haka ya ce sai an ƙayyade matsin kafin a kafa lambar.

Yara sukan kama wannan bayani da wuri idan aka haɗa shi da madafa. Wake yana ɗan ƙara jinkiri a kan wuta a Jos saboda ruwan da yake dahuwa a ciki bai kai zafin na bakin teku ba, kuma ƙara itace ba ya ƙara masa zafi, sai dai ya ƙone ruwan da sauri. Tukunyar matsi tana yin akasin haka, tana tsare tururi ta ƙara matsi har ruwa ya kusa digiri 120 kafin ya tafasa. Sai dai a fayyace wa ɗalibai abu ɗaya saboda jarrabawar WAEC da NECO: idan aka tambayi matakin tafasar ruwa mai tsabta a daidaitaccen matsin iska, amsar 100 ce, amma a littafin gwaji a rubuta abin da aka auna tare da dalilinsa.

Mataki na huɗu: zana giraf da fassara shi

A sa lokaci a layin kwance, zafi a layin tsaye, a ɗiga kowane awo da ƙaramar alama, sannan a ja layi mai bin yawancin ɗigon. Abin da zai fito ya yi kama da matakalar bene: shimfiɗa a wajen sifiri, hawa, sannan wata shimfiɗar a wajen 96. A sa kowane ɗalibi ya rubuta a jikin kowane sashe abin da ke cikin bika a lokacin, yana duba layin nan na uku.

Sai a yi musu tambayar da darasin ya rataya a kanta, a kuma ba su lokaci su yi gardama a tsakaninsu kafin malami ya sa baki: wuta ba ta mutu ba, to ina zafin ya tafi a lokacin da ma'auni ya tsaya? Amsar ita ce, ma'auni yana nuna saurin kai-komon ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu. A cikin ƙanƙara ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna a tsari tabbatacce, kuma zafin da ke shiga yayin narkewa yana ƙarewa ne wajen kwance wannan riƙon, bai rage wanda zai ƙara musu sauri ba. Haka kuma yayin tafasa, zafin yana tafiya wajen raba ƙwayoyin da juna gaba ɗaya su tashi su zama tururi. Wannan shi ake kira ɓoyayyen zafi, kuma Joseph Black, wani masani a Glasgow ta ƙasar Sikotland, shi ya fara bayyana shi a farkon shekarun 1760.

Lissafi yana ƙara fito da girman abin. Da jul ake ƙidaya yawan zafin da abu ya sha. Narkar da giram 1 na ƙanƙara yana cin jul 334, ɗaga zafin giram 1 na ruwa da digiri 1 kuwa yana cin jul 4.2. Ke nan giram 100 ɗin da muka zuba ya sha jul 33,400 kafin ya narke ma'auni bai motsa ba, kuma wannan adadin zai iya ɗaga ruwan daga sifiri zuwa kusan digiri 80. Mayar da giram 1 na ruwa tururi yana cin kimanin jul 2,260, wato fiye da ninki biyar na abin da ake buƙata a kai shi daga sifiri zuwa tafasa. Wannan ne ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, domin idan tururi ya sauka a fata ya koma ruwa, duk wannan zafin yake sauke mata. Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudana na tsawon minti 20, kada a shafa man ja ko man goge baki.

Mataki na biyar: daskarewa

Wannan ya fi kyau a ware masa wani darasin daban. Ana amfani da sitiyarik asid, wani farin abu mai kama da kakin kyandir wanda ake sa wa a sabulu da kyandir, kuma yana cikin sinadaran da suka fi yawa a man kaɗanya. Tsantsarsa yana narkewa a wajen digiri 69, amma wanda ake sayarwa don masana'antu gauraye ne, yakan daskare ƙasa da haka, saboda haka malami ya gwada nasa kwana ɗaya kafin darasi. Tsofaffin littattafai suna ba da shawarar naftalin, wato farin ƙwallon da ake sa wa a akwatin tufafi ana ce masa kafur, wanda yake narkewa a digiri 80. Ban yarda a dumama shi a aji ba, domin tururinsa yana da illa, kuma yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin G6PD, wato sinadarin jiki da ke kare waɗannan ƙwayoyin, lalurar da take da yawa a Afirka ta Yamma kuma galibin masu ita ba su san suna da ita ba.

A zuba sitiyarik asid har kashi ɗaya cikin huɗu na babbar kwalbar gwaji, a tsoma kwalbar a bikar ruwan zafi, kada a kara ta da wuta kai tsaye. Idan ya narke ya zama garai-garai, a sa ma'auni a ciki a jira ya kai wajen digiri 80, sannan a kashe wuta, a ɗauke kwalbar da maƙalli a tsayar da ita cikin busasshiyar bika, a fara awo kowane rabin minti har ya sauko wajen 45. Zafin zai riƙa sauka da sauri, sai fari-fari ya fara bayyana a gefen kwalba, daga nan ma'auni ya tsaya na wasu mintuna, domin ƙwayoyin da ke komawa cikin tsari suna sakin zafin da suka sha lokacin narkewa. Wani lokaci yakan ɗan zarce ƙasa da digiri ɗaya ko biyu sannan ya dawo sama ya tsaya, kuma wannan ma a rubuta shi yadda ya zo. A lokacin hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin Jos da iskar da ke kaɗawa ta taga suna sa kwalbar ta huce da gaggawa har shimfiɗar ta gajarce, don haka a rufe tagar da ke kusa, a kuma naɗe bikar da auduga ko takarda.

Idan akwai lokaci, rukuni ɗaya ya yi aikin da kakin kyandir a maimakon asid ɗin, a kafa giraf biyun gefe da gefe a allo. Na kyandir zai sauko a karkace ba tare da shimfiɗa sosai ba, saboda cakuɗe ne na sinadarai masu matakan narkewa daban-daban. Daga nan ɗalibai za su gane dalilin da ya sa masana suke amfani da matakin narkewa wajen tantance tsabtar abu.

Gishiri yana nuna yadda gauraye yake sauya matakin narkewa ta hanya mafi arha. A zuba gishiri awo ɗaya a kan dakakkiyar ƙanƙara awo uku a motsa, za a ga jan layin ya nutse ƙasa da sifiri har ya wuce ƙarshen ma'aunin, domin irin wannan haɗin yana iya kai wa kusan digiri 21 ƙasa da sifiri, don haka kada yara su riƙe shi a tafin hannu. A ɓangaren tafasa tasirinsa kaɗan ne, sai an narkar da kusan giram 58 a lita guda kafin matakin ya ƙaru da digiri 1.

Wajen tattara kaya, kada kowa ya ja ma'aunin da ya maƙale cikin daskararren asid, domin ƙululunsa ne zai tsinke ya zauna a ciki. A mayar da kwalbar cikin ruwan zafi har ya sake narkewa, a zare ma'aunin a goge da takarda tun yana da ɗumi, a bar asid ɗin ya daskare a kwalbarsa a toshe a ajiye wa aji na gaba, kada a zuba shi a magudanar ruwa saboda yana toshe bututu. Ma'aunin da ya fito daga ruwan zafi a bar shi ya huce a kan tsumma kafin a wanke shi da ruwan sanyi, sannan a mayar da kowanne cikin kwalinsa, malami ya ƙirga su kafin a buɗe ƙofa.